Yadda zaka nemi mastas a aikin walwalar jama'a, da abin da ke jiranka in ka shiga

Duk wanda yake tunanin yin digiri na biyu a fannin walwalar jama'a, wato soshiyal wok ɗin nan da ake taƙaita mastas ɗinsa da MSW, akwai abu ɗaya da nake so ya sa a ransa tun kafin ya buɗe shafin wata jami'a. Wannan karatun rabinsa ne kawai a aji, sauran rabin a wajen aiki ake yinsa, a asibiti ko makaranta ko gidan gyaran hali ko ofishin kula da yara, gaban mutanen da rayuwa ta matse su. Kuma wannan rabin na biyun shi ke yanke komai, shi zai nuna maka wace makaranta zaka zaɓa, nawa zaka tanada, ko zaka iya riƙe aikinka kana karatu ko bazaka iya ba. Mutane da yawa lissafin lakca da jarabawa kawai suke yi kamar sauran mastas, sai sun shiga sannan suga ashe kwana biyu ko uku na kowane sati ba nasu bane. Toh bari mu bi abin daki-daki.

Mataki na farko: a ina zaka yi aiki da takardar?

Ba sunan jami'a zaka fara dubawa ba, fara da tambayar kanka a wace ƙasa kake son yin aiki bayan ka gama. Dalili kuwa, a ƙasashe da dama wannan aikin na lasisi ne, baka da ikon kiran kanka ma'aikacin walwala sai hukuma tayi maka rajista, ita kuma hukumar bata karɓar takarda sai daga kwas ɗin da aka tantance. A Amurka CSWE ce ke tantance kwasa-kwasan, tun 1952 take wannan aikin, kuma in digirinka ba daga makarantar da ta amince da ita ya fito ba to a yawancin jihohinsu maganar lasisi ma bata taso ba. A Ingila Social Work England ce, ta karɓi aikin a Disambar 2019, can laifi ne ma a doka mutum yayi amfani da sunan aikin bai yi rajista ba. Kanada suna da CASWE, Ostareliya suna da AASW. Kowacce ta saka jerin makarantun da ta tantance a shafinta, dubawa kyauta ne, dan Allah ka duba da idonka kar ka tsaya ga abin da makarantar ta rubuta a tallanta. In kaga sun ce suna kan hanyar samun amincewa, ka rubuta musu ka tambaya a wane mataki suke kuma me zai faru da takardarka in ka gama basu samu ba.

Akwai wani tarko kuma da yake kama mutane sosai. Ba duk mastas mai kalmar walwala ko zamantakewa a sunansa bane ke baka damar yin rajista. Akwai na nazarin manufofin gwamnati, akwai na cigaban al'umma, kwasa-kwasai ne masu kyau amma babu firaktikal, wato horon wajen aikin da hukuma ke nema, a cikinsu, shekara ɗaya ka gama, sai kaje neman rajista a ce maka ai wannan ba shi bane. Tambaya ɗaya zaka yi musu a rubuce: in na gama wannan kwas ɗin zan iya yin rajista a matsayin ma'aikacin walwala? Amsar ta zo maka a rubuce ita ma, ka adana.

Tsawon karatun yawanci shekara biyu ne in cikakken lokaci zaka yi, uku zuwa huɗu in na ɗan lokaci ne. Wanda digirinsa na farko dama a wannan fannin yayi yana iya samun gajeriyar hanya ya gama cikin shekara ɗaya, amma a Amurka sai digirin ya fito daga makarantar da CSWE ta tantance, ko kuma in na wata ƙasa ne ka tura musu su auna shi su ce yayi daidai da nasu, suna da ofishi na musamman don haka. Makarantu da yawa kuma suna sa iyaka, in digirin ya daɗe sosai basa ba da wannan damar.

Su kuma masu son yin kwas ɗin ta intanet, ku sani lakca ce kawai take intanet, firaktikal dole da ƙafarka zaka je. Saboda haka tambayar farko ita ce wa zai nemo maka wajen, su ko kai? In kai ne, kuma inda kake zaune babu ƙwararren da ya cika sharuɗan duba ɗalibi, to akwai matsala babba tun kafin a fara.

Mataki na biyu: wane ɓangare kake so?

Aikin nan tun asalinsa jijiya biyu gare shi. Akwai ta Mary Richmond, wadda ta tsara yadda ake zama da mutum ɗaya ko iyali ɗaya a binciki halin da suke ciki a tsanake kafin a ɗauki mataki, littafinta na 1917 shi ya zama tubalin wannan salon. Akwai kuma ta Jane Addams, wadda ta buɗe gidan taimakon al'umma mai suna Hull House a Chicago a 1889, ta tare cikin unguwar talakawa 'yan ci-rani tana faɗa akan aikin ƙarfi da ake sa yara da ƙazantar muhalli da dokokin da ke danne mutane, har ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Har yau makarantu akan wannan rabon suke. Wasu ƙarfinsu a ɓangaren kilinik yake, wato lafiyar ƙwaƙwalwa, shaye-shaye, zaman ba da shawara, aikin asibiti. Wasu kuma a ɓangaren al'umma, tsara manufofi, tafiyar da ƙungiyoyi, bincike.

Ba dole ka yanke hukunci tun yanzu ba, shekarar farko kowa tushe ɗaya yake yi, a ta biyu ake rabuwa. Amma ka duba jerin darussan shekara ta biyu na kowace makaranta da kake so, da jerin wuraren da suke tura ɗalibai. In burinka aikin al'umma ne kaga darasi ɗaya ko biyu kawai suke dashi akai, duk girman sunan jami'ar ba taka bace. Ni a ganina makarantar da take da wuraren firaktikal masu kyau a fannin da kake so ta fi wadda ta fi suna, domin mai ɗaukar aiki abin da zai tambaye ka shi ne ina kayi firaktikal kuma me ka iya.

Mataki na uku: gogewa da takardu

Digirinka na farko ba dole ya zama a wannan fannin ba, ana ɗaukar 'yan soshiyoloji, saikoloji, malanta, shari'a, har 'yan kimiyya. A Amurka yawanci maki 3.0 cikin 4.0 suke nema, wasu suna son kayi darasin ƙididdiga a baya, jarabawar GRE kuwa, wadda ake yi don shiga mastas, makarantu da yawa sun daina nemanta. Abin da yafi maki nauyi a idonsu shi ne ko ka taɓa zama da mutane masu buƙata. In baka taɓa ba, tun ran gini tun ran zane, ka nemi aikin sa kai shekara guda kafin ka nema, gidan marayu ne, cibiyar masu buƙata ta musamman ce, layin wayar agaji ne, sansanin 'yan gudun hijira ne. Kuma ka riƙa rubutawa, rana kaza awa kaza na yi kaza, domin wasu fom ɗin adadin awanni suke tambaya, sannan wannan rubutun shi zai cece ka ranar rubuta bayanin kai. Wani amfanin kuma, kai kanka zaka gane ko zuciyarka zata iya ɗauka kafin ka zuba kuɗinka da shekarunka.

Wasiƙun shaida biyu ko uku ake nema, haɗa malami ɗaya da wanda ya duba aikinka a fili. Wanda ya ganka kana aiki yafi babban mutum mai muƙami da bai san ka ba, wasiƙar da ta ce yaro ne mai ladabi da ƙwazo kawai bata ƙara maka komai. Ka roƙe su aƙalla sati shida kafin ranar rufewa, ka tura musu sibi ɗinka da bayanin kwas ɗin, ka tuna musu wani abu takamaimai da kuka yi tare.

Tiranskirif ka nema da wuri domin shi yafi komai jan ƙafa, in wata ƙasa zaka je wataƙila su ce sai wani kamfani kamar WES ya auna maka shi. Jarabawar Turanci ta IELTS ko TOEFL kuma a wannan kwas ɗin makin da suke nema yakan fi na wasu fannoni, tunda da baki ake aikin. Za a binciki tarihinka ko ka taɓa aikata laifi, a Ingila DBS ke wannan, kuma in akwai wani abu a baya ka faɗa da kanka tun farko, ɓoyewar ta fi laifin kansa saurin jawo kora. Ranakun rufewa a Amurka galibi tsakanin Disamba da Fabrairu suke ga masu farawa a Agusta ko Satumba, kuma wanda ya tura da wuri shi ke gaba a layin tallafi.

Mataki na huɗu: takardar bayanin kai

Nan ne zan ɗan daɗe, don nan ake faɗuwa. Kusan kowa da layi ɗaya yake buɗewa, tun ina yaro nake son taimakon mutane. Gaskiya ne, amma mai karantawa ya ga wannan layin sau ɗaruruwa, kuma nas ma taimako take, malami ma haka, ɗan kwana-kwana ma haka. Abin da suke nema shi ne me yasa wannan aikin musamman, me ka gani da idonka, me ka fahimta daga ciki.

Ga bambancin. Wani zai rubuta, na yi aikin sa kai da yara marasa galihu na ga wahalar da suke sha, hakan ya taɓa zuciyata. Wani kuma zai rubuta cewa a cibiyar da yake koyar da yara da yamma akwai yarinya 'yar shekara 12 da kullum barci take a aji, kowa ya ɗauka lalaci ne, shi ma haka ya ɗauka, sai da aka zauna da ita aka gane ita ke jinyar kakarta cikin dare domin uwar aikin dare take, kuma abin da ya gyara lamarin ba faɗa bane ba ƙarin darasi bane, ma'aikaciyar walwala ce ta samo mai kula da tsohuwar dare uku a sati. Sai ya rufe da cewa ranar ya gane matsalar da kake gani a jikin mutum sau da yawa a kewayensa take, kuma bashi da ilimin da zai bi ta, shi yazo nema. Kaga na biyun bai ce shi mai tausayi bane ko sau ɗaya, amma ya nuna ya fara tunani irin na 'yan aikin.

Ka kula da wasu abubuwa. Kar ka sa sunan kowa ko bayanin da za a gane shi, in ka tona sirrin wanda ka taimaka a takardar neman shiga to ka riga ka nuna musu baka san dokar farko ta aikin ba. Kar ka zana kanka a matsayin mai ceto su kuma mutanen kamar marasa dabara, malaman nan kunnensu na da kaifi akan wannan sautin, sun fi son suji ka lura da ƙarfin da mutanen suke dashi.

Sai maganar ciwon da kai kanka ka sha. Da yawan masu shiga wannan aikin wata jarabawa ce ta rayuwa ta kawo su, maraici, ɗan'uwa mai shaye-shaye, rashin lafiyar ƙwaƙwalwa a gida, kuma wallahi ba abin kunya bane, sau da yawa su ne ma suka fi iya zama da mutane. Zaka iya faɗa. Amma ka faɗe shi a taƙaice, ka fi ba da ƙarfi akan yadda ka warke da abin da ka koya, domin tambayar da ke ran mai karantawa ita ce, in aka zaunar da wannan gaban mai irin labarinsa nan da wata uku zai iya riƙe kansa? In har yanzu ciwon ɗanye ne, ka fara neman taimako wa kanka, makaranta tana nan bata gudu.

Ka amsa tambayoyin da suka yi ɗaya bayan ɗaya, kar ka tura takarda ɗaya ga makarantu biyar ka sauya suna kawai, ana ganewa. Ka ambaci darasi ko wajen firaktikal nasu da ya ja hankalinka. Kafin ka fara rubutu ka karanta ma'anar aikin da IFSW da IASSW, ƙungiyoyin duniya na ma'aikatan walwala da na makarantunsu, suka amince da ita a 2014, sannan ka leƙa ƙa'idoji guda shida na NASW, ƙungiyar ma'aikatan walwala ta Amurka, wato hidima, adalci a zamantakewa, mutuncin ɗan Adam, muhimmancin alaƙa tsakanin mutane, riƙon amana da ƙwarewa. Ba don ka kwafe su ba, don ka ji harshen da ake magana dashi a gidan. Kuma da kanka zaka rubuta, domin in aka kira ka intabiyu daga cikin takardar za a ciro tambayoyi.

Intabiyun ma ba wani abin tsoro bane, sukan ba da labari su ce me zaka yi, misali yaro ya gaya maka ana dukansa ya ce kar ka faɗa wa kowa. Ba cikakkiyar amsa suke jira ba, so suke suji ka san akwai sirrin da ba a riƙewa, kuma zaka koma ga na gaba da kai maimakon kayi gaban kanka.

Mataki na biyar: kuɗi

Lissafinka ya ƙunshi abu uku, kuɗin makaranta, kuɗin rayuwa, da albashin da zaka rasa. Na ukun ake mantawa. Firaktikal a yawancin wurare ba a biya, kuma da rana ake yinsa lokacin da ofisoshi suke buɗe, ga kuɗin mota zuwa da dawowa daga aljihunka. Ɗalibai sun daɗe suna kuka akan wannan, Ostareliya ta fara biyan ɗalibanta 'yan ƙasa wani abu daga Yulin 2025, amma a wurare da yawa har yanzu shiru. In kana aiki a wata hukumar walwala, tambayi makarantar ko zasu yarda kayi firaktikal a wajen aikinka, CSWE ta halatta hakan da sharuɗa. In ba haka ba tsarin ɗan lokaci yafi maka, gara ka ƙara shekara ɗaya da ka tsaya a tsakiya.

Sikolashif akwai, amma karanta sharuɗan da kyau. Chevening ta Birtaniya mastas na shekara ɗaya take ɗauka, shi kuma wanda ke kai mutum ga rajista shekara biyu ne, kaga basu haɗu ba. Tallafin da gwamnatoci ke warewa wannan fannin galibi na 'yan ƙasa ne ko mazauna, wasu kuma da sharaɗin zaka yi musu aiki shekaru kaza bayan ka gama. Ka tambayi sashen kai tsaye ko suna da aikin taimaka wa malami a bincike ko koyarwa. Bashi kuwa ka auna shi da albashin farko na aikin a inda zaka zauna, wannan ba aikin da ake arziƙi dashi da wuri bane, kuma mutumin da bashi ya shaƙe wa wuya da wuya ya samu natsuwar sauraron wani.

Mataki na shida: aji

Shekarar farko zaka yi halayyar ɗan Adam da muhallinsa tun daga haihuwa har tsufa, manufofin walwala, hanyoyin bincike, da darussan aiki da mutum ɗaya, iyali, rukuni da al'umma. Zaka ji sunan Bronfenbrenner, masanin da yayi bayanin yadda kewayen mutum ke shafar girmansa, har ka gaji, zaka koyi zana taswirar dangi da ta alaƙoƙin mutum, 'yan kilinik zasu shiga DSM, littafin rarraba cututtukan ƙwaƙwalwa, da CBT, hanyar gyara tunani da ɗabi'a ta hira, da salon hirar zaburarwa na Miller da Rollnick. Jarabawar haddace kaɗan ce, rubutu ne yayi yawa, saboda haka ka koyi tsarin APA na ambaton littattafan da ka ɗauko bayani tun satin farko, kuma satar rubutu ko ta layi biyu ce a wannan sashen maganar amana ce.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne rubutun duba kai, inda za a ce ka bayyana yadda tarbiyyarka da aƙidarka da matsayinka suke shafar yadda kake kallon mutane. Wasu suna ganinsa ɓata lokaci ne, ni kam bana ganin haka. Zaka zauna da mutanen da rayuwarsu ta saɓa da duk abin da ka yarda dashi, ba a ce ka bar aƙidarka ba, amma dole ka san inda take tsikarinka don kar wanda ke gabanka ya biya kuɗin. Darasin bincike ma kar ka raina shi, shi zai koya maka gane wace hanya ce aka gwada tayi aiki wacce ce kawai daɗin baki.

Mataki na bakwai: firaktikal

A Amurka mafi ƙaranci awa 900 ne, makarantu da yawa sun wuce haka. A Ingila kwana 200, har 30 daga ciki na koyon dabaru ne, sauran yawanci a raba 70 da 100. Ostareliya awa 1,000. Wajen farko sau da yawa ba kai ke zaɓa ba, kana son yara a kai ka wajen tsofaffi, ka karɓa da hannu biyu, sauraro da rubuta fayil da iya shiga gidan mutum da ladabi ko'ina iri ɗaya ne. Na biyun shi zaka yi wa faɗa ya dace da inda kake son aiki.

Za a haɗa ka da sufabaiza, ƙwararren ma'aikaci da zaku riƙa zama kamar awa ɗaya duk sati. Wannan awar ita ce mafi tsada a duk karatun. Kar ka shiga hannu rabbana, ka zo da tambayoyinka a rubuce, kuma ka kawo inda ka kasa ba inda ka burge ba. Makarantu da yawa suna sa ɗalibi ya rubuta hira guda kalma da kalma a jadawali, gefe ɗaya abin da mutumin ya ce, gefe abin da kai ka ce, gefe abin da ka ji a ranka, gefen ƙarshe na sufabaiza. Misali matar ta ce, ni dai na gaji, da ma in kwanta kar in tashi. Ɗalibar ta ce, haba kar ki ce haka, komai zai wuce. A gefen zuciya ta rubuta, gabana ya faɗi, so nake mu bar maganar. Sai sufabaiza ta rubuta a nata gefen, nan ta buɗe miki ƙofa kika rufe, me ya hana ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta? Ɗalibai da yawa tsoro suke kar tambayar ta sa wa mutum tunanin, alhali bincike ya nuna bata sawa, sau da yawa ma sauƙi mutum ke ji an samu wanda bai gudu ba. Irin wannan gyaran babu littafin da zai yi maka shi, kuma bazaka same shi ba in ka gyara hirar a takarda don kar a ga kuskurenka.

Rubutun fayil ma fasaha ce. Abin da ka gani zaka rubuta ba hukuncin da ka yanke ba. Kar ka rubuta uwar bata damu da yaron ba, a'a, ka rubuta yaron bai je makaranta kwana 6 cikin 10 ba, uwar ta ce ƙarfe 5 na asuba take fita aiki. Fayil ɗin nan wata rana alƙali na iya karanta shi, mai shi ma na iya neman ya gani, ka rubuta abin da zaka iya karantawa a gabansa.

Iyaka kuma ka riƙe ta tun ranar farko. Ka gaya musu kai ɗalibi ne, ka gaya musu sirrinsu na nan amma in akwai haɗari ga ransu ko na wani ko ana cutar da yaro dole ka sanar. Kar ka ba da lambarka ta kanka, kar ka karɓi abota a Facebook, kar ka ciro kuɗi daga aljihunka. Na san wannan na ƙarshen yana da ciwo ga mai tausayi, amma in ka ba yau gobe alaƙar ta koma ta mai bayarwa da mai roƙo, shi kuma wanda baka ba ba me zaka ce masa? Aikinka ka nemo masa hanyar da zata ɗore bayan ka tafi, domin zaka tafi, kuma ka fara sanar dasu ranar tafiyarka makonni kafin ta zo.

In wajen yayi tsami, sufabaiza bata zama da kai, ko an mayar da kai mai kwafin takardu, ko an jibga maka aikin cikakken ma'aikaci, kar kayi shiru har ƙarshen zango. Akwai malamin da makaranta ta sa ya zama gada tsakaninku, ka sanar dashi da wuri kuma a rubuce.

Labaran da zaka ji zasu bi ka gida, wannan tabbas ne. In kaga barci ya ƙaurace, ko ka fara jin haushin mutanen da kazo taimako, ko zuciyar ta bushe bata jin komai, alama ce, ka kai ta wajen sufabaiza, ka nemi mai ba da shawara na makaranta, ka riƙe abokan ajinka domin su kaɗai suka san abin da kake ciki, ibadarka da hutunka da motsa jiki kar ka sadaukar dasu saboda asainmen.

Mataki na takwas: bayan an gama

Takardar digiri ba ita ce lasisi ba. A yawancin jihohin Amurka sai ka zauna jarabawar ASWB, wato ƙungiyar hukumomin lasisin aikin, ta matakin mastas ka nemi lasisin jihar da kake, in kuma kana son zama ɗan kilinik mai cin gashin kansa sai ka ƙara kamar shekara biyu ƙarƙashin kulawa, jihohi da yawa awa 3,000 suke nema, sannan wata jarabawar. A Ingila rajista zaka yi, yawancin sababbi kuma suna shiga shekarar tallafi da tantancewa da ake kira ASYE. Dokokin sun bambanta daga jiha zuwa jiha da ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka tun kana zangon ƙarshe ka buɗe shafin hukumar inda zaka zauna ka karanta sharuɗanta, kuma wajen zaɓen aikin farko ka tambaya ko suna da wanda zai duba ka ya sa hannu akan awanninka.

Kafin ka bar makaranta ka tattara manhajar kowane darasi da kayi, takardar awannin firaktikal mai sa hannu, rahoton tantancewa na kowane waje, da cikakken suna da lambar rajistar sufabaizanka, ka yi musu sikan ka ajiye a wuri biyu. Duk ranar da ka sauya jiha ko ƙasa waɗannan za a nema, kuma a lokacin wataƙila sufabaizan ta bar wajen, manhajar ma an sauya ta.